Awon Malami a Ƙasar Azbin

A wani dare na hunturu, cikin garin Cirozerin, inda wutar lantarki ta daina zama baƙuwa tun da kamfanin SONICHAR ya fara ƙona gawayin ƙasa na Anu Araran a 1981 domin ya ciyar da ma'adinan Arlit da Akokan da birnin Agadas, na zauna a zauren wani dattijo aminin mahaifina, wanda ya haura shekara arba'in yana karantar da Risala da Muhtasar. Ga jikansa a gefe guda, malamin wata jami'a, ya zo hutu amma hutun bai same shi ba, ya baza takardu a kan tabarma, kwamfuta a cinya, yana harhaɗa abin da suke kira dosiye na neman ƙarin girma. Dattijon ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nan, waɗanda za su duba takardun nan naka, a gaban wa suka yi karatu?" Saurayin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban san su ba, su ma ba su san ni ba. Za su duba yawan abin da na rubuta, da inda aka buga shi, a wasu wuraren ma har ana duba sau nawa aka ambace shi." Tsoho ya gyara amawalinsa, ya yi shiru, can ya ce, "To in an ambace ka, ana faɗin dalili?"

Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura cewa batun auna malami, wato sanin wanda ya isa a shimfiɗa masa buzu da wanda bai kai ba tukuna, tsohon al'amari ne a wannan ƙasa ta Azbin, wadda littattafan Larabci ke kira Ahir, ya girmi jami'a, ya girmi zuwan Nasara, ya girmi ma hasumiyar masallacin Agadas. Kuma ko da yake mutanen yau suna zaton aika aikin malami wata ƙasa mai nisa domin a yi masa hukunci bidi'a ce da boko ya zo da ita, kakanninmu sun yi haka tun raƙumi ne kaɗai abin hawa.

A shekarar 1353 Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takadda a kan hanyarsa ta komawa Maroko, ya ba da labarin cewa gari ne da aka gina da jan dutse, mutanensa fatake ne masu zuwa Masar kowace shekara, ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari a narkar da shi a cikin gidaje, a zuba shi sanduna-sanduna, masu kauri ɗari huɗu a miskalin zinariya, sirara ɗari shida ko ɗari bakwai, da su ake cefane. Ya kuma lura cewa ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin har launinsa da ɗanɗanonsa sun sauya, maganar da za mu sake cin karo da irinta bayan shekara ɗari shida da hamsin. Bai bar garin ba sai da ya rubuta sunan alƙali da na liman da na mai karantarwa, kamar yadda ya saba yi a duk inda ya sauke kaya, domin a wancan zamani da malamansa ake sanin nauyin gari. Masu tonon kufai, irin su Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, sun tafi a kan cewa kufan Azelik da ke arewa da Ingal shi ne Takaddar da ya gani.

A kusa da wannan gari akwai wani ƙauye ana ce masa Anu Saman, anu kuwa rijiya ce da harshen Tamashek, kamar dai yadda take a cikin sunan Anu Araran, kuma daga wannan ƙauye aka sami Malam al-Aƙib ɗan Abdullahi, wanda ya yi karatu a wurin Shehu Magili sa'ad da ya zauna a Takadda kafin ya wuce Kano da Katsina, ya kuma ɗauki ilimi a wurin Imam Suyuɗi a Masar. Abin da muka sani game da shi Ahmad Baba na Tumbutu ne ya adana mana a cikin Nailul Ibtihaj, littafin tarihin malaman Malikiyya da ya kammala a 1596 yana tsare a Marrakish, inda ya siffanta shi da kaifin fahimta da kaifin harshe gaba ɗaya, ya jera abin da ya wallafa, har da amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu sarkin Songhai. Amma labarin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na sallar Juma'a. Al-Aƙib ya rubuta risala yana cewa Juma'a ta wajaba a kan mutanen Anu Saman, sauran shehunan ƙasar suka ƙi, suka ce ba haka ba. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka naɗe takardar aka ba ayari, aka aika wa malaman Masar, suka duba, suka ce al-Aƙib ne a kan daidai. Mai karatu ya tsaya ya yi tunanin wannan: ƙauye a bakin hamada, mas'ala ta kan iyakar yawan mazauna da sharaɗin zama gari, takarda ta ƙetare rairayi wata da watanni ta dawo da hukunci, kowa kuma ya san su wane ne suka yi hukuncin, da hujjar da suka dogara a kanta, ta yadda in wani yana da ja zai iya ɗaukar alƙalami ya mayar musu da martani. Abin da jami'o'in yau ke kira bitar takwarori daga waje ke nan, an yi shi a Azbin a ƙarni na goma sha shida.

Ma'aunin yau da kullum kuwa ijaza ce, kuma wanda bai ga yadda ake samunta ba ba zai gane nauyinta ba. Ɗalibi zai zo da hantsi ya durƙusa, ya kwance gafaka, ya zaro warƙoƙin da ba a ɗinke ba, ya ja baƙi jumla guda ya tsaya. Malam ya fassara kalma-kalma da Tamashek ko da Hausa, ya warware i'irabi, ya kawo saɓanin malamai, ɗalibi yana cewa na'am, yana cusa hashiya da ƙananan baƙaƙe a gefen shafi har ta zagaye matani kamar shinge. Gobe a ɗora daga inda aka tsaya, haka har littafi ya ƙare, shekara biyu ko uku ko fiye. Sa'an nan ne malam zai ɗauki tawada ya rubuta cewa wane ɗan wane ya karanta littafi kaza a gabansa, ya ba shi izini ya karantar da shi, kamar yadda shi ma ya karɓa daga wane, daga wane, har silsila ta tuƙe ga mawallafi. Takardar ba ta wuce tafin hannu biyu ba, amma shaida ce, mai ba da ita kuma ya jingina mutuncinsa a kanta, domin in ɗalibin ya je wani gari ya yi kwaɓa a fatawa, sunan malaminsa za a fara tambaya.

Kada a ce mutanen da ba su san ƙirge ba. Sun san shi, sun kuma san iyakarsa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya jera sunayen littattafansa da hannunsa, suka kai wajen ɗari uku tun bai gama rubutu ba. Tsaransa Imam Sakhawi ya tashi ya ce yawan ba hujja ba ne, wasu daga ciki 'yan warƙoƙi ne, wasu kuma daga tsofaffin littattafan ɗakin karatu na Mahmudiyya aka kwaso su. Ba ni da matsayin shiga tsakanin manya biyu, Allah ya yi musu rahama. Abin da na sani shi ne hukuncin da ya tabbata bai fito daga jerin sunayen ba, ya fito ne daga masallatai, domin har gobe in watan azumi ya kama, daga Agadas zuwa Damagaram zuwa Zariya, Jalalaini ake buɗewa, tafsirin da Suyuɗi ya ƙarasa bayan rasuwar malaminsa Mahalli. Malaman hadisi kuma, tun kafin wannan, sun gina fanni guda a kan auna mutane, ilmin jarhi da ta'adili, inda ake cewa wannan amintacce ne, wannan mai gaskiya ne amma yana kuskure, wannan mai rauni ne, wannan an bar ruwayarsa. Kuma ƙa'idarsu ce cewa yawan masu ruwaya daga mutum ba ya wanke shi, sai an dubi su wane ne suka ruwaito, suka kuma ba ta da ƙarfi a kan wanda amincinsa ya tabbata in ba a fayyace sababinta ba.

A ƙarni na goma sha takwas ma'aunin yana nan da ƙarfinsa. Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lizimta har ya bi shi Agadas, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala Zabidi mai Tajul Arusi, ya dawo da ita ya ba ɗalibansa, ta haka sanadin Masar ya shigo Gobir ta ƙofar Azbin. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum a 1812, Ida'un Nusukhi, ba don kome ba sai don ya faɗi a wurin wa ya karanta me. A shekarar nan kuma Muhammadu Bello ya ware wa malaman Ahir gurbi a cikin Infaƙul Maisuri. Sai dai ga abin lura: Shehu, duk da girman da yake ba Malam Jibrila, ya saɓa masa a fili a kan hukuncin mai aikata manyan zunubai, ya rubuta hujjojinsa. Ke nan ya ambace shi yana yabo, ya ambace shi yana ruwaya, ya ambace shi yana raddi, kuma duk mai karatu ya san bambancin ukun nan. Da za a ba na'ura ta ƙirga, uku kawai za ta ce.

Ba na so a ɗauka ina wanke tsohon mizani daga kowane aibi. Gidan da mutum ya fito yakan rinjayi awo, ɗan gidan malamai yana farawa da rabin mudu a cike, bawa da ɗan maƙera kuwa da wuya a ga sunansu a silsila kome hazaƙarsu. Mata da yawa sun yi karatu mai zurfi suka karantar a cikin gida, littattafan tarihin malamai suka wuce su. Akwai kuma ijazar tabarruki da akan ba wanda bai zauna ko yini ɗaya ba, har ma da jinjiri, don neman albarka da gajarta sanadi. Wanda ba shi da guzurin zuwa Masar yakan mutu ba a san da shi ba.

Abin da ya karya wannan tsari a Azbin takobi ne. A watan Disamba na 1916 Kawusan, jagoran boren Abzinawa, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, da dakarun ceto suka iso a watan Maris na 1917 kuwa, ramuwar da aka yi ta faɗa a kan malaman gari, aka kashe da yawa daga waɗanda suka taru a masallaci, littattafai suka salwanta, jama'a suka watse zuwa kudu. Kowane malamin da ya faɗi a wannan rana silsiloli ne suka tsinke tare da shi. Bayan haka sai ga sabuwar takarda mai hatimi, wadda ake samu a lakwal, wadda ita kaɗai ke buɗe ƙofar albashi, ijaza ta koma abin ajiya a gafaka, ana girmama ta a zaure, ofis bai san da ita ba.

A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suka zo Azelik suna neman jan ƙarfen nan na Ibn Baɗɗuɗa, sai suka tarar da yuraniyom. Daga nan al'amura suka yi sauri. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, garin Arlit ya tsiro a fili inda da babu kome, aka fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ramin Akuta ya fara aiki a 1978. Aka buɗe makarantar koyon aikin ma'adinai ta EMAIR a Agadas, aka kafa SONICHAR a 1975. A farkon wannan shekara ta 1968 ɗin dai, a birnin Yamai, shugabannin ƙasashen da Faransa ta raina suka yanke shawarar kafa majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, wadda kowa ke kira CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ya fara riƙe sakatariyarta. Nijar a lokacin ba ta da jami'a. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar da ta zama Jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Shi wannan bawan Allah, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar lissafi da ɗabi'ar halitta, ya shafe shekaru da dama a ofishin ONERSOL yana neman yadda rana za ta dafa abinci, ta ɗumama ruwa, ta jawo shi daga rijiya, ya kuma rubuta littafi a 1964 a kan tarbiyya a Afirka yana kira a karantar da yara da harsunansu. A ganina in ana neman misalin tasirin bincike a ƙasar nan, daga kansa ya kamata a fara.

Hikimar kafa CAMES a fili take. Ƙasa mai farfesoshi 'yan ƙalilan, waɗanda duk sun san juna, wasu ma surukai ne, ba ta iya auna malamanta ba tare da son kai ko tsoron mai mulki ya shiga ba. Sai aka ce a haɗa ma'auni guda ga ƙasashe kusan ashirin, kowane mai neman hawa daga mataimaki zuwa babban mataimaki, zuwa mai gabatar da darasi, zuwa cikakken farfesa, ya tara abin da ya wallafa da shaidar koyarwarsa da ɗaliban da ya duba, jami'arsa ta aika, a ba masana na wata ƙasa su karanta su rubuta rahoto, kwamitocin fanni-fanni su zauna sau ɗaya a shekara su fitar da jerin waɗanda suka cancanta. Wanda aka sa sunansa a jerin, darajarsa tana ci daga Dakar har Libarbil. Wannan, in an duba da idon basira, jikan takardar Anu Saman ne, Wagadugu ta tsaya a matsayin Alƙahira. Ya kuma gyara wani abu da tsohon tsari ya gaza, domin ɗan makiyayi da ɗan alƙali dosiye ɗaya suke cikawa, mace ma haka.

Amma a can wata nahiya ana ƙera wani ma'auni dabam. A 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya kawo shawara a mujallar Science cewa a riƙa tattara duk ambaton da masana ke yi wa juna a ƙarshen maƙalunsu, dabarar da ya aro daga lauyoyin ƙasarsu masu bin diddigin hukunce-hukuncen kotu, nufinsa na farko kuwa sauƙaƙa neman rubutu ne. Kundin ambatonsa ya fito a 1964 daga Filadelfiya. Daga 1975 aka shiga fitar da nauyin kowace mujalla a shekara-shekara, wato a ƙirga sau nawa aka ambaci abin da ta buga cikin shekaru biyun da suka gabata, a raba da yawan maƙalun, don masu ɗakunan karatu su san wadda za su saya. A 2004 Scopus da Google Scholar suka shigo, a 2005 kuma Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego ya kawo lambar da ake kira h, wadda ke cewa in mutum yana da maƙala goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, to lambarsa goma ce. Lissafi ne mai sauƙi, sauƙin nan kuwa shi ya sa ya mamaye duniya, domin shugaban da ke da dosiye ɗari a gabansa ya fi son lamba ɗaya da karatun wata guda. Sannu a hankali sharaɗin bugawa a mujallun da ke cikin waɗannan kundaye ya shigo ƙa'idojin ƙarin girma a jami'o'inmu, na Nijar da na Nijeriya baki ɗaya.

Ba na musun amfaninsa. Ya tona asirin wanda ya shekara ashirin a kan kujera bai rubuta kome ba, ya kuma ba yaron da ba shi da uban gida hujjar da ba a iya turewa da hannu. Abin da ke damuna shi ne abin da ke zubewa ta ƙasan wannan mudu, kuma babu inda ake ganinsa ƙuru-ƙuru kamar ƙasar nan tamu. Fiye da shekara sittin ana haƙa ramukan gwaji tsakanin Arlit da Imuraran da Tigidda, ana auna duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amma galibin wannan ilimi yana cikin rahotannin kamfanoni, ba a buga shi a mujalla ba, ba ya shiga ƙirge, injiniyan da ya tsufa a kansa kuma a idon kundin ambato bai taɓa rubuta harafi ba. Littafin Djibo Hamani a kan daular Ayar, wato Azbin, wanda aka buga a Yamai a 1989, babu mai rubutu a kan tarihin Agadas da zai iya kauce masa; ƙamus na Tamashek da Faransanci da Ghoubeïd Alojaly ya fitar a 1980 har yau ana dogara da shi; amma kundayen da aka gina a kan mujallun Ingilishi ba irin waɗannan suke farauta ba. A ɗaya gefen kuma, ƙasusuwan dabbobin farko da ke Gadufawa da kewayen Ingal, waɗanda Philippe Taquet ya fara tonowa a 1965 bisa jagorancin masu neman yuraniyom, Paul Sereno na Jami'ar Shikago kuma ya ci gaba da su har suka shiga mujallar Science a 1998 da 1999, sun sa sunan Nijar ya zagaya duniyar masana, an kuma sa wasu masanan ƙasar a cikin wasu maƙalun, abin a yaba. Sai dai makiyayin da ya san inda ƙashin yake tun yana yaro, ya ja ragamar raƙumi ya kai su, rabonsa bai wuce layin godiya ba.

Maganar ruwa ta fi wannan nauyi. A farkon shekarun 2000 wasu ma'aikatan ma'adinai a Arlit, da Almoustapha Alhacen a gaba, suka kafa ƙungiyar Aghirin'man saboda cututtukan da suke gani a tsakanin abokan aikinsu. Suka gayyato ɗakin gwaji mai zaman kansa na CRIIRAD daga Faransa a watan Disamba na 2003, Greenpeace ta biyo a 2009, rahotanninsu suka ce an sami yuraniyom fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a wasu rijiyoyin sha, an kuma sami ƙarafa masu tiriri ana sayarwa a kasuwa, kamfani ya yi jayayya da wasu sakamakon, aka yi ta muhawara. Ko ta ina mutum ya tsaya a wannan muhawara, ba zai musa cewa awon nan ya motsa hukuma da kamfani da jama'a ba, alhali ba a mujalla mai nauyi ya fara fitowa ba. Yanzu ramin Akuta ya rufe tun ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 a bakin Akokan, wanda sai an yi zuriya bayan zuriya ana sa masa ido. Wa zai yi wannan tsaro in ba 'ya'yan ƙasa ba? Ga Jami'ar Agadas an kafa ta a 2014, matasan malamanta suna da ilimin. Amma auna rijiya guda wata-wata har shekara goma aiki ne na haƙuri wanda ba ya haifar da maƙala da wuri, in ya haifar ma mujallun nesa sukan ce al'amarin gida ne, bai shafi duniya ba. Mai iyali da ke jiran ƙarin girma, in ya bar rijiyar ya bi abin da ake ambato, ban ga laifinsa ba. Laifin yana ga wanda ya rataya abincinsa a kan wannan ƙugiya.

Ga kuma kuɗi. Mujallar Nature ta sanya Yuro 9,500 a 2021 ga mai son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta, sama da miliyan shida ke nan na kuɗin sefa, ko da yake wasu mawallafa suna yafe wa ƙasashe matalauta. Inda kuwa aka ce lamba ce abinci, sai masu algus sun kafa rumfa: mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga kome, da abokai masu ambaton juna da gangan, abin da malaman hadisi da sun gani da sun kira shi tadlisi. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙaga maƙala cike da kurakurai ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa; abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sunayen Afirka ya ƙirƙira ya liƙa wa marubutan ƙaryar. Su kansu masu ma'aunin sun farga, domin a watan Disamba na 2012 wasu masana da editoci sun haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna kira da a daina auna mutum da nauyin mujallar da ya yi rubutu a ciki, a koma karanta abin da ya rubuta. Ina fata kwamitocinmu, waɗanda har yanzu suna da masu karatu da masu rubuta rahoto, su riƙe wannan gado da kyau, su kuma buɗe gurbi a dosiye ga taswirar rijiyoyi, da rahoton da aka kai wa magajin gari, da littafin da aka rubuta da Hausa ko Tamashek, a ba wanda ya san fannin ya karanta ya sa hannu da sunansa.

Dare ya yi nisa a zauren nan na Cirozerin sa'ad da dattijon ya ce wa jikansa ya zaɓi maƙala ɗaya ya karanta masa, ya fassara masa da Hausa jumla-jumla kamar yadda ake jan baƙi. Saurayin ya ɗauko wadda ya fi ji da ita, wadda masu bita biyu suka amince da ita a ƙasar waje, a kan janyewar ruwan ƙasa a wata ƙorama da ke arewa da gari, inda ya gwada zurfin wata rijiya a yau da zurfin da aka rubuta mata a takardun zamanin Faransawa. Yana karantawa tsoho yana cewa na'am, har ya kai sunan rijiyar. Nan ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya ce, "Wadda Nasara suka auna ba ita ce wannan ba, ɗan nan. Waccan ambaliya ta binne ta tun mahaifinka yana goye, ni da kaina na taya jan ƙasa sa'ad da aka haƙa sabuwar a kan tudu, wajen taki arba'in gabas da ita, aka bar mata sunan." Saurayin ya ajiye kwamfutar, ya nemi alƙalami, ya matso kusa da fitila, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a wace shekara ke nan, kuma wa da wa ke raye cikin waɗanda kuka yi aikin tare?" Tsoho ya fara lissafa su da yatsunsa, jikan yana rubutawa a gefen shafin da aka riga aka buga.